Keso: Nazarin Lambar 20,000 a Lissafin Wuri

Gabatarwa

Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, wuri shi ne kuɗin da ake ciniki da shi a kasuwannin daular. Akan ƙirga shi biyar-biyar har a tara zambar ashirin, watau 20,000, a zuba a jakar tabarma, wadda ake kira keso. Manufar wannan maƙala ita ce duba siffofin wannan lamba, domin a ga inda ta sauƙaƙa wa mutane lissafi da inda ta gaza.

Tushen lambar

Kowace lamba tana da ƙananan lambobin da aka gina ta da su, waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Ita 20,000 tushenta biyu ne kawai, 2 da 5. In aka ninka 2 har sau biyar a sami 32, aka ninka 5 har sau huɗu a sami 625. 32 sau 625 kuwa shi ne 20,000. Saboda haka shafa'i ce, ba wutiri ba, kuma lambobi 30 ne ke raba ta ba saura, cikinsu har da 5, 20, 100 da 2,500.

Wannan ya yi wa fatake daɗi. Barth, Bajamushen matafiyin da ya zo Sakkwato a 1853, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin riyal ɗaya a kan wuri 2,500. Ke nan keso guda riyal 8 ne daidai.

Ajin lambar

Malaman hisabi sun kasa lambobi gida uku: naƙisi, tammi da za'idi. Ana tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta, a gwada jimlar da ita. A nan jimlar ta kai 29,203, ta zarce 20,000, don haka keso za'idi ne.

Inda ta gaza

Babu 3 a tushen wannan lamba, kuma wurin rabon gado ne abin ke fitowa fili. Rabin keso 10,000 ne, rubu'insa 5,000, sumuninsa 2,500, duk ba saura. Amma in aka nemi sulusi sai a sami 6,666, wuri biyu su yi saura, ga shi wuri ba ya gutsuruwa. Haka sudusi, 3,333 da saura biyu. Sai an haɗa keso uku, 60,000, sannan kowane kaso na farilla zai fita lafiya: sulusi 20,000, sudusi 10,000, sumuni 7,500.

Kammalawa

Keso ya dace da mai ƙirga da yatsu biyar a kasuwa, amma mai rabon gado yana bukatar lambar da 3 ke cikin tushenta. Shi ya sa malaman fara'ili suke gina lissafinsu a kan 6, 12 da 24.