Shirin Musamman: Lokacin da Gaya Ta Zama Ƙasar Abokan Gaba



Masu sauraronmu na Birnin Kebbi da Argungu da sauran garuruwan fadamar Rima, yau za mu koma zamanin da dattawa ke kira Yaƙin Hitila. A watan Satumba na 1939 Jamus ta afka wa maƙwabciyarta Polan, Tarayyar Sobiyet ta shigo ta gabas, suka raba ƙasar tsakaninsu. A watan Yuni na 1940 Faransa kanta ta faɗi.

To, ina ruwan Bakabe da faɗuwar birnin Faris? Da ruwansa ƙwarai. Nijar tana hannun Faransa, kuma masu mulkinta sun bi gwamnatin Faransa ta Bishi, wadda ta yi sulhu da Jamus. Nijeriya kuwa tana hannun Ingila. Dare ɗaya, Gaya da Doso da Dogon Dutsi na Nijar suka zama ƙasar da ake yi wa kallon abokan gaba. A lokacin, Yahaya ne Sarkin Gwandu a nan Birnin Kebbi.

Ku duba yadda abin yake a ƙasa. Mutumin Kamba yana da suruki a Gaya. Ba'are na Kangiwa, danginsa na Dogon Dutsi. Falke ya ɗora wa jakinsa gishirin Foga, ya nufi kasuwar Jega kamar yadda ubansa ya saba, sai ga shi ana tuhumarsa da fasa-ƙwauri, ko ma leƙen asiri. Iyakar nan kuwa Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta tun farko, ba su shawarci Kabawa ko Arawa ko Dandawa ba. Wannan zalunci ne, kuma talaka ne ya ɗauki nauyinsa.

Allah Ya kiyaye, ba a gwabza a iyakarmu ba. Amma an kwashi samarin Arewa zuwa Gabashin Afirka, inda Italiya ta mamaye Habasha, ta kuma ƙwace Somaliyar Ingila a watan Agusta na 1940. Sojojin Nijeriya suna cikin waɗanda suka kama Mogadishu a watan Fabrairu na 1941. Daga baya aka tura wasu ƙasar Bama.

Sai a watan Nuwamba na 1942 yankin Faransa na Yammacin Afirka ya juya wa Bishi baya, hankali ya kwanta.

Jama'a, mazan jiya sun kusa ƙarewa. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa da suka ga wannan zamani, ya zauna da su, ya ɗauki labarinsu a waya, ya aiko mana.