Yadda Jirgin Ruwa Ke Hawan Tudu

Kowa ya san ruwa ba ya hawan tudu. Amma a kudancin Faransa ƙananan jiragen shaƙatawa masu inji sukan tashi daga gaɓar Bahar Rum, su hau tudun da ya kai mita 189 bisa doron teku, sannan su gangara birnin Toulouse, ba tare da sun bar kan ruwa ba ko sau ɗaya. Hanyar da suke bi haƙa ta aka yi, sunanta Canal du Midi, tsawonta kilomita 240. An fara aikinta a 1666, aka buɗe ta a 1681, don a hutar da fatake zagaye ƙasar Sifen da hajarsu. Jiragen kaya sun daina bin ta wajen ƙarshen shekarun 1980, ta koma ta masu yawon buɗe ido.

Asirin hawan yana cikin wani gini da za a iya kira ɗakin ruwa. Wato wani dogon rami ne da aka gina da dutse, mai ƙyamare gaba da baya, tsakanin ruwan ƙasa da ruwan sama. Idan jirgi ya shiga, sai a rufe ƙyamaren bayansa, a buɗe wasu ƙananan kafofi a na gabansa. Ruwan sama ya yi ta kwararowa, jirgin yana ɗagawa sannu a hankali, har ruwan ɗakin ya zo daidai da na gaba. A nan ne kawai ƙyamaren gaba za su buɗu, domin gina su aka yi su haɗu da kusurwa mai fuskantar ruwan sama, ta yadda nauyin ruwan da kansa ke danne su. Injin jirgi ba shi da hannu a wannan hawa ko kaɗan. Inda tudu ya yi tsayi sai a jera ɗakuna kamar matakala, kamar na Fonserannes kusa da garin Béziers. (Irin wannan gini ne aka yi a madatsar Kainji don jiragen kogin Kwara.)

To, amma hawan ba kyauta ba ne. Duk sa'ad da aka cika ɗaki aka zubar, ɗaruruwan tan na ruwa sun gangara ke nan, ba kuwa za su komo ba. Abin lura shi ne, girman ɗakin ne ke yanke yawan ruwan da za a kashe, ba girman jirgin ba. Ɗan jirgin miji da mata yakan ci ruwa kusan daidai da na babban jirgin kaya. Saboda haka idan babu abin da ke shayar da ƙololuwar hanyar, wurin da ake kira Naurouze, ba za a daɗe ba za ta ƙafe.

Wannan matsala ce ta gagari masu tunanin haƙa hanyar shekaru da dama, sai da Pierre-Paul Riquet ya zo, shi kuwa mai karɓar harajin gishiri ne. Ya tara ruwan ƙoramun dutsen Montagne Noire, ya gina madatsar Saint-Ferréol don ajiyar ruwan rani, ya jawo shi ta magudanai har Naurouze, inda yake rabuwa biyu, gabas da yamma. Ya rasu a 1680, 'yan watanni kafin a buɗe hanyar. Da wannan dabara tasa ake amfani har yau, kodayake an ƙara wasu madatsu. A shekarar da fari ya yi tsanani kuwa akan tsare jirage sai sun taru, a wuce da su tare a cikawa ɗaya, ko da masu su na gunaguni.

Mai jirgi ma da nasa nauyi. Ba a yarda ya wuce gudun kilomita 8 a awa ba, domin igiyar ruwan da jirgi ke tayarwa a ƙuntatacciyar hanya gaɓa take duka, tana zaizaye ta. A da, saiwar bishiyoyi kimanin 42,000 da aka jera a gefen hanyar ita ke taimakawa wajen riƙe ƙasar. A 2006 aka gano wata cutar gwari tana kashe su, tana shiga ta raunin da ke jikin bishiya ko saiwarta, har da wanda igiyar ɗaure jirgi ke yi. Cutar ba ta da magani sai sara da ƙonawa. An sare dubbai, ana dasa wasu iri a gurbinsu, an kuma hana ɗaure jirgi a jikin bishiya.