Ko Ka San An Yi Sarkin Da Ake Kira Ta Rediyo Ya Amsa Da Kansa?

Yawancinmu saurare kawai muka san ana yi da rediyo: a murɗa, a kamo BBC a gajeren zango. To akwai waɗanda nasu rediyon magana suke yi da shi. Mutum zai ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, ya ɗaura waya daga rufin ɗaki zuwa bishiya ta zama eriya, shi ke nan sai hira da mutanen wata nahiya, ba kati ba data. Can sama akwai wani sashen iska da hasken rana ke cazawa, shi yake dawo da muryar ƙasa, ta sauka a nisan dubban kilomita. Sha'awa ce zalla, doka ma ta hana kasuwanci a kai.

Ranar farko sabon shiga yakan daɗe riƙe da makirfo bai danna ba. In ya yi ta maza sai ya ce "CQ, CQ", ya faɗi lambarsa, ya saki, ya kasa kunne. Kira ne ga duk mai ji, bai san wa zai amsa ba. Yana iya zama manomi a Birazil, ko tsohon injiniya a Japan. Kafin 1999 kuwa, yana iya zama Sarki Husaini na Jodan!

Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk harkar. Husaini ya hau mulki a 1952, ya yi shekara 46 a kan gado, ga yaƙe-yaƙen Gabas ta Tsakiya a wuyansa, amma yakan sami sarari ya zauna gaban na'urarsa ya yi kira kamar kowa. Lambarsa JY1. Lambobin sauran mutane sai an ƙara haruffa bayan adadin, tasa kuwa daga 1 ta tsaya, ga ta gajeriya, ba mai jinta ya manta. Kai da ka san wahalar ganin sarki a garinku, ka bi ta hannun fadawa, ka tuɓe takalmi tun daga zaure, ka faɗi gaisuwa dogarai na amsa maka, yi tunanin yaro ɗan makaranta a ɗakinsa yana gaya wa sarkin ƙasa guda yadda muryarsa ke fita. Al'adar masu wannan rediyo ita ce a kira kowa da sunansa na yanka, ba a tambayar muƙami. Hirar ma ba wata doguwa ba ce: ina jin ka 59, wato tangaran da ƙarfi, ga sunana, ga garinmu, ga yanayin da muke ciki yau, sai a rufe da "73", gaisuwar bankwana. Bayan nan a aika wa juna katin shaida ta gidan waya, ana kiransa QSL. Har yau akwai masu ajiye katin JY1 suna nuna wa jikoki.

A ƙarshen 1983 ɗan sama-jannatin Amurka Owen Garriott ya tafi da ɗan rediyo mai kamar oba-oba cikin kumbon Columbia, ya manna eriya a taga. Shi ne ya fara irin wannan hira daga sararin samaniya, kuma cikin waɗanda suka same shi har da Sarki Husaini. Ba Husaini kaɗai ne mai mulkin da ya taɓa shiga harkar ba: Rajiv Gandhi na Indiya VU2RG ne, Sarki Juan Carlos na Sifaniya EA0JC, Sarki Bhumibol na Tailan HS1A. Ni dai a ganina babu wanda ya riƙe ta da zuciya ɗaya kamar Husaini.

Farkon lamba shi ke nuna ƙasa: Nijeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT. Da yake masu lasisi ba su da yawa a Nijar da Chadi, masu tara katunan QSL na ƙasashe a Turai da Amurka neman waɗannan lambobin suke ruwa a jallo. In ka sami lasisi a Damagaram ka ce "CQ", ka tanadi biro da babban littafi, domin rububin amsa maka za a yi.