Allurar Naƙuda: Amfaninta da Haɗarinta a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe naƙuda aba ce mai lokacinta, jiranta ake yi, ba a kiranta. Idan ciki ya tsufa akan ba mace maganin zaƙi, in kuwa naƙuda ta yi tsawo sai a nemo rubutu ko jiƙo, wani lokaci har a kai ga yankan gishiri. Ita ungozoma galibi aikinta yakan fara ne bayan ɗa ya faɗo, watau yanke cibi da wanka. Zuwan asibiti ya kawo wani sabon abu, shi ne maganin da ke iya tayar da naƙuda tun ba ta zo ba, wanda jama'a suke kira allurar naƙuda ko ruwan naƙuda. Wannan maƙala za ta duba yadda maganin yake aiki, da dalilin ba da shi, da kuma haɗarinsa ga matan karkara irin na Jama'a da Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo, da Garo da Gude a ƙasar Kabo.

Asalin Maganin

Magunguna biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne oksitosin, wani sinadari da jikin mace da kansa yake fitarwa don mahaifa ta riƙa matsewa. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Dale, shi ya gano aikinsa a 1906, sa'an nan Vincent du Vigneaud na Amurka ya haɗa shi a ɗakin bincike a 1953. Na biyu shi ne ƙwayar misofurostol, wadda asalinta maganin gyambon ciki ce, daga baya aka lura tana tausasa bakin mahaifa, tana kuma sa ta matsewa. Hukumar NAFDAC ta yi mata rajista a Nijeriya a 2006 don tsayar da zubar jini bayan haihuwa.

Dalilan Tayar da Naƙuda

Likita ba ya tayar da naƙuda sai ya ga cewa zaman ɗa a ciki ya fi fitowarsa haɗari. Daga cikin dalilan akwai cikin da ya kai mako 41, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2011, da fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo baya ba, da hawan jinin mai ciki wanda ka iya kaiwa ga jijjiga, da kuma mutuwar ɗa a ciki. A irin waɗannan halaye maganin rahama ne, ya ceci rayuka masu yawa.

Inda Haɗarin Yake

Don a fahimci haɗarin sai an san abin da ke faruwa a cikin mahaifa. Duk sa'ad da ta matse, jinin da ke kai wa ɗa iska ta hanyar mabiyiya yakan ragu, sai ta saki sa'an nan ya dawo. Ke nan a ɗan hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo ɗa yake samun iskarsa. Naƙudar Allah da Annabi takan bar wannan hutu. Amma in magani ya yi yawa, sai ciwon ya riƙa zuwa a jere, fiye da sau biyar cikin minti goma, ɗa ya galabaita, ya fito bai yi kuka ba, ko ya sami lahani a ƙwaƙwalwa, ko ma ya mutu.

Haɗari na biyu, wanda ya fi muni, shi ne fashewar mahaifa. Magani ba ya faɗaɗa ƙugu, ba ya kuma gyara kwanciyar ɗa. Idan ƙugun mace ya yi wa kan ɗa kaɗan, kamar yadda yakan faru ga yarinya mai cikin fari, ko ɗa ya gicciye, to tura shi da ƙarfi tamkar tura kaya ne ta ƙofar da ke kulle. Matan da suka fi shiga wannan haɗari su ne waɗanda suka haihu sau biyar ko fiye, da waɗanda aka taɓa yi wa aiki aka ciro ɗa, domin tabon yana iya buɗewa. Saboda haka ne aka hana tayar wa mai irin wannan tabo naƙuda da misofurostol. In mahaifa ta fashe, jini a ciki yake zuba, ba abin da zai ceci mace sai tiyata da ƙarin jini nan take, sau da yawa kuma sai an cire mahaifar ɗungum.

Har ila yau, mahaifar da aka wahalar takan gaji, ta kasa matsewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle. Akwai kuma kuskuren lissafi. Macen da ba ta je awo ba da watanni take ƙirga cikinta, ga kuma imanin da ake da shi cewa ciki yakan kwanta. Idan aka tayar da naƙuda bisa zaton ciki ya wuce lokaci alhali bai kai ba, bakwaini za a haifa.

Halin da Karkara Take Ciki

A asibiti oksitosin a cikin ruwan da ake ƙara wa mace ta jijiya ake sa shi, yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ma'aikaciya tana ƙirga ciwo, tana sauraren bugun zuciyar ɗa, da ta ga alamar matsala sai ta rufe. Wanda aka soka a cinya a ɗaka kuwa, ko ƙwayar da aka sayo a kemis aka haɗiye, ba mai iya janye su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na haihuwa a Arewa maso Yamma ne ake yi a asibiti. Ga macen da ke Jama'a, in abu ya ɓaci da tsakar dare, sai an nemo mota zuwa Babban Asibitin Gwarzo, in ya gagara a can a kama hanyar Kano, tafiyar wajen kilomita 70, zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Wannan matsala ta jinkiri tsohuwa ce. Binciken Farfesa Kelsey Harrison a kan haihuwa 22,774 a Zariya, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa mace-mace sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai da abu ya lalace aka kawo su.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙarfin da ya sa maganin naƙuda yake da amfani, shi ne kuma ya sa yake da haɗari. Bai kamata a ba da shi ba sai a wurin da ake da mai lura, da ɗakin tiyata, da jinin ƙari. Wajibi ne magidanta da iyaye mata su daina neman a yi wa mai naƙuda allura a gida don a huta da wuri, domin Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Ita kuma mai ciki, in ta je awo, ta faɗi yawan haihuwarta da duk aikin da aka taɓa yi mata ba tare da kunya ba, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.