Takobin Injin Yankan Itace: Ciwon da Ke Gyaruwa da Wanda Ba Ya Gyaruwa

Duk wanda ya saba bin titunan Sharaɗa, ko na Bompai da Challawa, ya san ƙananan shagunan walda da gyaran injuna da ke raɓe da katangun manyan masana'antu. Cikin kayan da ake kawo musu har da injin yankan itace mai sarƙa, wanda ake sassabe darbejiya da shi ko a daddatsa gungume. Kukan masu shi kusan ɗaya ne: inji lafiya lau, an wasa haƙoran sarƙa, amma yanka sai karkacewa yake yi. Sau da yawa laifin na dogon fallen ƙarfen nan ne mai kama da takobi, wanda sarƙar ke kewayawa a kansa.

Bajamushe Andreas Stihl ya ƙera irin wannan inji mai aiki da lantarki a 1926, da mai shan fetur a 1929. Tun daga lokacin, aikin takobin bai sake ba. A bakinsa akwai siririn kwari tsakanin leɓɓa biyu, faɗinsa milimita 1.3 ko 1.5 ko 1.6, kuma a cikinsa ƙafafun sarƙar ke gudun da ya kai kimanin mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfe na gogar ƙarfe da wannan sauri, ba abin da ya raba su sai ɗan man da ke fitowa ta wata ƙaramar huda a gindin takobin.

A ƙasar Kano kuwa akwai ƙarin abokin gaba, wato ƙura. Ƙwayoyin yashi sun fi ƙarfen takobin tauri. Idan ƙurar hunturu da ta maƙale a ɓawon itace ta gauraya da mai, sai ta zama tamkar dutsen washi, ta yi ta cin leɓɓan. Masu zuba baƙin man da aka juye daga mota don sauƙin kuɗi suna ƙara wa Borno dawaki ne, domin cike yake da dattin inji da burbushin ƙarfe. Da leɓe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, sai sarƙa ta kwanta gefe, yanka ya bi ta.

Wannan ciwo yana da magani. Mai gyara zai ɗaure takobin, ya yashe kwarin, ya buɗe hudar mai, sannan ya bi leɓɓan da magagari har tsayinsu ya daidaita, ya kankare kaifin da ya nannaɗo a gefe. Ko ɗalibi zai iya gwajin da ke biye: a ɗora sarƙa, a jingina rula a jikin takobin ta taɓa haƙori ɗaya. In an ga sarari tsakanin rula da takobi, kwarin na nan da kyau; in haƙorin ya kauce rula ta kwanta, kwarin ya buɗe. Juya takobin, sama ya koma ƙasa, duk sa'ad da aka wasa sarƙa, yana sa gefen biyu su ci daidai.

Sai dai magagari na da iyaka. Kowace goga tana rage zurfin kwari, kuma ranar da ƙafafun sarƙa suka fara taɓa ƙasansa, takobin ya gama aiki. Haka nan idan aka ga shuɗi-shuɗi a leɓɓan. Maƙeran gargajiya sun san sirrin: sukan tsoma gatari cikin ruwa yana ja wur don ya yi tauri, sun kuma san wuta na iya warware wannan tauri. Launin shuɗi alama ce cewa zafin gogayya ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, wurin ya fara laushi, zai kuma cinye da wuri.

Mafi haɗari shi ne takobin da ya tsage. Da yawa daga cikinsu falle uku ne aka manne da ɗigon walda, ba ƙarfe guda ba. Mai walda zai iya like tsagar ta yi kyau a ido, amma zafin wutarsa yakan lanƙwasa fallayen, ya bar gefen ɗinkin da gautsi. Idan wurin ya sake buɗewa ana tsakiyar yanka, sarƙa na iya tsalle daga kwarinta ko ta tsinke, alhali hannuwa da cinyoyin mai riƙe da injin ba su fi taku ɗaya daga gare ta ba.