Tsohuwar kwamfuta a ofishin karkara: me za a yi bayan kamfani ya janye hannunsa?

Ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da Windows 10, watau babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci cikin duniya. A wannan rana kuma ya janye hannunsa daga Office 2016 da Office 2019, waɗanda sakatarori ke buga wasiƙu da tsara lissafi da su. Mai karatu na iya cewa wannan zancen Yamai ne da manyan ma'aikatunta. To, ba haka ba ne. Ko a gundumar karkara kamar Ɗan Kasari, cikin ƙasar Arewa, bisa babbar hanyar da ta tashi daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, duk ofishin da ya zuba sunayen ƴan lakkal, ko lissafin haraji, ko rahoton gidan likita, ko kundin bankin hatsi cikin na'ura, maganar ta shafe shi.

Da farko a gane cewa na'urar ba ta mutu ba. Za ta kunnu, za ta buga takarda kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyara. Babbar manhaja aikin ɗan Adam ce, ba ta rasa ɓaraka, kuma a kai a kai ake gano sababbi. A Talata ta biyu ta kowane wata kamfanin ke aiko da facin da zai toshe waɗanda aka gano. Manomi ya san rumbun da aka bar yi wa yaɓe: shekarar farko ba a ganin kome, amma ɓera ya riga ya san inda tsaguwa take. Wani abin damuwa kuma, Windows 10 da ƙanensa Windows 11 sun yi tarayya cikin sassa da yawa. In aka fitar da facin sabon, masu kutse sai su bincike shi, su gane inda ramin yake, su koma su neme shi jikin tsohon, inda ba mai toshewa.

Duniya ta taɓa ganin abin da wannan ke jawowa. Ranar 12 ga Mayu na 2017 wata cutar na'ura mai suna WannaCry ta kama kwamfuta fiye da 200,000 cikin ƙasashe wajen 150. Tana ƙulle duk abin da ke ciki, ta ce sai an biya fansar dalar Amurka 300. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000, kamfanin motoci na Renault ya tsai da aiki a wasu masana'antunsa. Alhali facin ya fito tun watan Maris na wannan shekara, mutane ne ba su ɗora ba. Shi kuwa Windows XP, da aka saki tun 8 ga Afrilu na 2014, sai da gobarar ta tashi kamfanin ya yi masa facin gaggawa. Ba a gina tsarin ofis bisa fatan samun irin wannan alfarma.

Amsar kamfanin mai sauƙi ce a baki: a koma Windows 11, wanda ya fito a 2021. Sai dai shi yana da sharuɗɗa. Yana neman wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar na'ura irin wadda aka fara ƙerawa wajen 2017 zuwa 2018. Mu kuwa mun san irin kayan da ke isowa karkara: na hannu ne, waɗanda Turai ta gama cin moriyarsu, ko kyautar wani shirin raya ƙasa da ya naɗe tabarmarsa tun tuni. Da yawa ba za su ɗauki sabon ba, wasu ma har yanzu Windows 7 ke kansu, wanda wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Janairu na 2020.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa. Na'urori da yawa a wajenmu sun rabu da gyara tun kafin kamfani ya yanke. Mai gyara ya ɗora musu kwafin da ba na halal ba, ko ma'aikaci ya rufe hanyar sabuntawa don kada ta cinye masa kuɗin intanet. Kuma a ƙauye cuta ba ta cika shigowa ta intanet ba, ta ƴar kile take zuwa, watau ƙaramin ma'ajin nan da ake sokawa jikin na'ura. Kile guda za ta kwana a shagon buga takardu na Dogon Dutsi, ta wuni a ofishin gunduma, ta yi yamma a kwamfutar darektan lakkal. Kowane sakatare ya san cutar nan da ke ɓoye takardu ta bar hotonsu kawai, wadda ake ce wa rakursi. Ranar da ta cinye kundi, wanda zai sha wahala shi ne mutumin Lugu da ya biya kabu-kabu ya zo neman takardar ɗansa, a ce masa ya komo wani mako.

To, ina mafita? Akwai jinkirin da ake saye. Kamfanin ya sanar da ƙarin shekara guda ga masu na'urar gida, zuwa 13 ga Oktoba na 2026, a kan dalar Amurka 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft. Ma'aikatu kuwa dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, iyakarsa shekara 3. Wannan ɗage ranar ƙaura ne kawai, kuma ba mu ga gundumar karkarar da baitulmalinta zai jure shi ba.

Abin da ya fi dacewa da mu, kuma ba ya cin ko dala, shi ne a raba tsohuwar na'ura da waje. In aikinta buga takardu ne da lissafi, a cire ta daga intanet gaba ɗaya, kada wani ya haɗa ta da wayarsa don kallon Facebook. A ware mata kile tata ta kanta, mai alama, wadda ba ta zuwa kasuwa. Aikin yau da kullum a yi shi da asusun ma'aikaci mai ƙaramin izini, mabuɗin babban asusu ya zauna hannun shugaban ofis. Sa'an nan, kowace Juma'a kafin a tashi, a kwafe kundin duka cikin wani faifan ajiya, a zare shi, a ƙulle a wani ɗaki dabam. Faifan da aka bari soke jikin na'ura, in cuta ta zo tare za ta ƙulle su. Wannan kwafi yana maganin abin da ya fi masu kutse yawan yi mana ɓarna: ƙurar hunturu, zafin bazara, da kuran mai zuwa yana ɗaukewa. Manyan rajistocin takarda kuma kada a yi gaggawar raina su.

Na'urar da tilas ta shiga intanet, don aika rahoto Doso ko Yamai, ita ce ke bukatar sabuwar manhaja mai rai. Nan ne Linux ke da amfani. Kyauta ne, ba sata ba ne, kuma ana ci gaba da yi masa faci. Nau'insa mai suna Ubuntu yana fitar da bugu mai dogon wa'adi kowace shekara 2, a kula da shi shekara 5. Wani kuma, Emmabuntüs, wasu ƴan sa kai a Faransa ne suka tsara shi musamman don tsofaffin na'urori, an kuwa yi aiki da shi a ɗakunan kwamfuta na makarantu a arewacin Togo. Yana magana da Faransanci, kuma LibreOffice da ke cikinsa yana buɗe takardun Word da Excel. Amma a yi hattara: wasu manhajojin da ministoci ke aikowa Windows kaɗai suka sani, wata tsohuwar injin buga takarda ma na iya ƙi. A gwada da na'ura guda tukuna, a ba sakatare makonni ya saba.

Ga shugabannin ma'aikatu, wannan nauyi ne na doka. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar HAPDP, aka kuma sabunta ta a 2022. Ta ɗora wa duk mai riƙe da sunayen jama'a alhakin tsare su. A ganinmu, wanda ya karɓi kyautar kwamfuta daga yanzu ya kamata ya tambayi wace manhaja ke kanta, da ranar da gyaranta zai ƙare, kafin ya sa hannu a takardar godiya.

Na'urorin da ke hannu kuwa, sanin halinsu bai fi minti guda ba. A danna maɓalli mai hoton taga tare da harafin R, a rubuta winver, na'urar za ta faɗi wace Windows ke kanta. A rubuta amsar cikin littafin kayan ofis, gefen lambar kowace na'ura, tare da aikin da take yi da sunan mai riƙe da faifan ajiyarta.