Zanen Zariya, Nunin Ibadan

Mai bin tarihin nune-nune a Sakkwato zai fi tarar da littattafan hannu da kayan tarihi, irin waɗanda ke Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu. Zanen zamani kuwa a Zariya ya yi ƙarfi, inda ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Sai dai a Ibadan aka baje ayyukansu, a zauren Mbari da aka buɗe a 1961. Nan ne kuma aka nuna zanen Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo, wanda ya ɗora fasaharsa bisa harafin Larabci. Da a Sakkwato aka rataye shi, da almajirai sun riga masana gane tushensa.